Kafin ka biya kuɗin makarantar koyon mota, tsaya ka karanta wannan 🧵

1/
Tun da na ɗora hoton lasisina ake ta turo min saƙo da tambaya iri ɗaya: wace makarantar koyon mota zan shiga? Ba zan kama sunan kowa ba, ba talla na zo yi ba. Zan dai faɗi yadda ake gane ta kirki. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri.

2/
Ra'ayina a taƙaice: makarantar kirki ita ce wadda za ta iya duban idonka, bayan ka biya kuɗinka cif, ta ce maka "ba ka iya ba tukuna, sai ka ƙara kwana." Wadda ba ta taɓa hana kowa takarda ba, shagon sayar da takarda ce kawai da aka ajiye wa mota a ƙofa.

3/
Ni ɗan Dogon Daji ne, ƙaramar hukumar Tambuwal. Wanda ya san garinmu ya san a bakin babbar hanya muke, wadda ta taso daga Sakkwato ta bi Bodinga da Shagari, ta ratsa mu, ta wuce Tambuwal zuwa Jega. Kwalta ɗaya ce, mai tafiya da mai dawowa duk a kanta suke.

4/
A kan kwaltar nan akwai tirela, tankar mai, motocin haya da aka yi wa lodi har saman but, 'yan kabu-kabu, amalanken shanu, jakuna, raƙuma, da yara masu tallar da ke tsallakawa a guje. Duk wanda ya koyi mota a yankinmu, nan zai fara gwada hannunsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/
Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauke mu daga Fabrairu har Oktoba, zaman gida ya ishe ni. Na ce bari in koyi mota. Na shiga Sakkwato na zagaya wurare uku, na zaɓi wadda ta fi araha. Tambaya ɗaya tak na yi musu: nawa ne? Kuskurena na farko ke nan.

6/
Mu huɗu ake zubawa a mota ɗaya. A kai mu wani fili, kowa ya yi zagaye na kamar minti goma sha biyar, a sauke shi, wani ya hau. Malamin rabin lokacin yana waya. Ban taɓa hawa titi mai motoci ba. Ba a taɓa zaunar da mu an nuna mana alamar hanya ko ɗaya ba.

7/
Ba a yi mako biyu ba aka ce na iya. Na koma gida ina jin kaina, ina kaɗa makulli a yatsa kamar mai motar kansa 😅 Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, Kawu zai je Tambuwal, na ce ya ba ni in ja. Ko lasisi ba ni da shi a lokacin. Wannan laifina ne, ba na wata makaranta ba.

8/
Mun fita gari kaɗan sai ga tirela a gabanmu tana tafiyar hawainiya. Na leƙa, na hango mota can nesa, na ce ai zan wuce kafin ta iso. Na fita. Ina tsakiyar tirelar nan na ga motar da nake cewa tana nesa ta cika min gilashi, tana ta walƙa min fitila.

9/
Ƙafata ta rikice, na rasa birki na rasa totur. Kawu ne ya fizge sitiyari muka sauka gefen hagu cikin ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Motar ta wuce da odarta a danne. Da akwai rami ko mai tafiya a ƙasa a wurin, da wani ne ke ba ku labarin nan, ba ni ba.

10/
Kawu ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce: "Wa yak koya ma mota?" Na ce makaranta na yi, Kawu. Ya ce: "Wanga ba tuƙi na ba, kashin kai na. Sauka." Na koma kujerar gefe. Har muka je Tambuwal muka dawo gwiwoyina ba su daina rawa ba.

11/
Abin da ba a koya min ba lissafi ne mai sauƙi. Mota a gudun kilomita 100 cikin awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. In tirela na tafiya 60 kai kana 80, kana buƙatar wajen daƙiƙa 10 kafin ka wuce ta ka koma hannunka lafiya.

12/
A daƙiƙa goman nan kai ka ci sama da mita 200, mai tahowa a 100 ya ci kusan 280. Wato kana buƙatar hanya fayau ta kusan rabin kilomita kafin ka fita. Ni ido kawai na yi amfani da shi, idon da bai taɓa auna gudun mota mai tahowa ba. A fili babu mai tahowa.

13/
Na yi kusan shekara ban ƙara taɓa sitiyari ba. Da na koma, na shiga wata makarantar, wannan karon da jerin tambayoyi a aljihu. Ga abubuwan da nake ganin ya kamata kowa ya duba kafin ya zaro ko sisi. Na jero su ne daga mai sauƙin tabbatarwa zuwa mai wuya.

14/
NA ƊAYA: rajista. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da tsarin tantance makarantun tuƙi da ake kira DSSP. Mai neman sabon lasisi sai da takardar shaida daga makarantar da ke cikin tsarin. Ka ce su nuna maka shaidar rajistarsu. In suka fara kame-kame, kama gabanka.

15/
Kada ka tsaya kan takardar da aka manna a bango, kowa na iya buga ta a shagon kwamfuta. Ka leƙa ofishin 'yan Rod Sefti ka tambaya, ko ka duba jerin makarantun a shafinsu na intanet. Tafiyar rabin awa ce, ta fi ka gama koyo a ce maka takardarka ba ta cikin na'ura.

16/
Amma a kula: rajista ita ce matakin ƙasa, ba ita ce shaidar ƙwarewa ba. Makaranta na iya samun rajista kuma ta riƙa sayar da takarda ga wanda bai taɓa zuwa ba. Kowa ya san ana yi. Don haka rajista ta buɗe ƙofar magana ne kawai, sauran tambayoyin su ne masu nauyi.

17/
NA BIYU: awanni. Tsarin ya tanadi aƙalla awa 26 na koyo. Tambayar da za ka yi ita ce: cikin awannin nan, nawa ne hannuna zai kasance a kan sitiyari? Zama a kujerar baya kana kallon ƙeyar wani ba koyo ba ne. Ku nawa ne a mota? Minti nawa kowa ke samu? A rubuta maka a rasit.

18/
Duk wanda ya ce maka "kwana biyar ka zama direba", ko "kawo kuɗi da hoto, ba sai ka zo ba", ya gaya maka ko shi wane ne. Kar ka ji daɗi wai ya sauƙaƙa maka. Ranar da ka haɗu da tanka a kwana, yana gidansa yana shan fura, kai kaɗai ne a ciki da iyalinka.

19/
NA UKU: motar koyo. Ka ce a nuna maka ita, ka buɗe ƙofar gefen malami ka duba ƙasa. Akwai birki na biyu a wurin ƙafarsa? In babu, ranar da ka rikice ba abin da zai iya sai salati da fizgar sitiyari, irin yadda Kawu ya yi. Mu Allah ya kiyaye, ba dabara ba ce.

20/
Ka duba alamar L gaba da baya, madubai uku, bel mai aiki, sigina, fitilun birki. Ka duƙa ka kalli taya. A jikinta akwai lambobi huɗu na lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Makarantar da ke koyarwa da taya sulɓi, me za ta koya maka game da taya?

21/
Maganar taya ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. A watan Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40, kwalta kamar tanda. Tsohuwar taya da lodi da gudu, sai fashewa. Malamin kirki zai gaya maka in ta fashe ka riƙe sitiyari gam, ka ɗaga ƙafa daga totur, kada ka daka birki da ƙarfi.

22/
Sannan mai giya ko otomatik? Ni shawarata ga ɗan yankinmu: koyi mai giya. Yawancin motocin haya, akori-kura da motocin kai kaya kasuwa masu giya ne. Wanda ya iya kuloci zai ja otomatik cikin yini ɗaya. Wanda ya fara da otomatik kuwa sai ya koma ɗan koyo daga farko.

23/
NA HUƊU: aji. Akwai wurin zama da allo? Ana karantar da dokokin hanya? Gwada ɗalibinsu da ya kusa gamawa: iyakar gudun ƙaramar mota nawa ne? Amsa: 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babbar hanya mai tagwayen hannu. In ya tsaya yana sosa ƙeya, ka samu amsarka.

24/
Ka lura, hanyarmu ta Sakkwato zuwa Jega tana cikin rukunin 80 ne, kuma in ta shigo gari irin Dogon Daji ta koma 50. Yanzu ka tsaya bakin titi da la'asar ka ƙirga masu bin wannan. Da yawansu ba taurin kai ba ne, ba wanda ya taɓa gaya musu.

25/
Me ya sa bambancin 50 da 100 ya yi yawa haka? Domin in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan ka taka birki ninkuwa yake sau huɗu. Yarinyar da ta ɓullo da farantin gyaɗa, a 50 kana iya tsayawa kafin ka kai gare ta. A 100 ba ka da wannan damar.

26/
Kuma a tambaya: da wane harshe ake karantarwa? Wani direba ne gwani amma bokonsa bai yi nisa ba. In malami ba zai iya bayyana ma'anar layin da bai yanke ba a tsakiyar titi da Hausa ba, ɗalibi zai gyaɗa kai ne kawai ya fita bai san an hana wuce mota a wurin ba.

27/
NA BIYAR, kuma wanda na fi damuwa da shi: ina za a kai ka? Fili na kwana biyu ko uku ne, don ka saba da kuloci. Bayan nan dole a shiga gari: shataletale, danja, cunkoson bakin kasuwa, 'yan agwagwa da buje masu tsayawa ba sigina. Daga nan kuma a fita babbar hanya.

28/
Ka tambaye su kai tsaye: za ku fita da ni hanyar Bodinga? Za ku koya min bin bayan tirela da wuce ta? Za mu yi tuƙin dare ko sau ɗaya? Da yawa za su ce mai ya yi tsada. Gaskiya ne, ya yi tsada. Ka ce za ka ƙara kuɗin man. Shi ne kuɗi mafi amfani da na taɓa kashewa.

29/
Domin mu ba a cikin birni za mu ƙare ba. Akwai hazon hunturu da ke rufe hanya, akwai mai tahowa da dare da ya ƙi rage fitila, akwai tirelar da ta lalace aka sa mata ganye maimakon alama. In ka karkata ƙauyukan Kebbe da damina, ga laka ga yashi ga garken shanu. Fili bai san waɗannan ba.

30/
NA SHIDA: malamin kansa. Ka roƙi a bar ka ka zauna a baya a darasi ɗaya kafin ka biya. Yana ɗaura bel? Yana amsa waya? Yana zagi in ɗalibi ya kashe mota? Mai tsawa yana koya maka tsoronsa ne, kuma mai tsoro ba ya tambaya. Ɗabi'ar da ka gani gare shi ita za ka kwasa.

31/
Malamina na biyu dattijo ne. Ranar farko ko makulli bai ba ni ba. Ya sa na buɗe bonet: ga baƙin mai, ga ruwan lagireto, ga man birki. Ya sa na cire taya na mayar da hannuna. Na ji haushi a ranar, ina ganin ɓata min lokaci yake. Yanzu kullum sai na yi masa addu'a.

32/
Da lokacina ya cika ya gwada ni, ya ce ribas ɗina da tashi a kan gangara ba su yi ba, in ƙara mako. Na ce Baba, hutu ya kusa ƙarewa, a taimaka. Ya ce: "Ɗana, in na sa maka hannu ka je ka taka ɗan wani, ni da kai za a tambaya." Na ƙara makon.

33/
Ga 'yan uwa mata da masu kai ƙannensu ko matansu: ku tambaya ko akwai malama. In babu, a yarda wani daga gida ya zauna a baya duk darasi. Makarantar kirki ba za ta ƙi ba. Kuma don Allah a bar su su koya sosai. Ranar da ciwo ya tashi da tsakar dare, wanda ya iya mota a gidan shi ne gata.

34/
Na san abin da wasu za su ce: "Direbobin tasharmu wace makaranta suka yi? Karen mota suka fara, ga su shekara talatin a hanya." Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Kawuna haka ya koya, kuma hannunsa ne ya cece ni, ba takardata ba.

35/
Amma a duba yadda suka koya. Shekaru yaro ke yi yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana kallon ubangidansa, kafin a ba shi ya matsar da ita. Ubangida ba ya sakar masa makulli sai ya gamsu. Wato su ma suna da mai ce musu "ba ka iya ba tukuna". Abin da nake nema a makaranta ke nan.

36/
Mu 'yan yanzu mun tsallake shekarun karen mota, mun kuma tsallake awannin makaranta. Aboki ya nuna maka giya a filin ƙwallo da yamma biyu, sai titi. Mun rasa na gargajiya, mun rasa na zamani. Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro, don ni ma a layin nake kafin ranar nan.

37/
Kuma koyon tasha na da giɓinsa. Yana ba da hannu, amma yana gadar da ɗabi'u irin su raina bel, lodi fiye da ƙima, da tuƙi cikin gyangyaɗi. Doka ma tana canzawa: a Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama gaba ɗaya. Abin da ubangida ya sani jiya ba lallai ya isa yau ba.

38/
Wasu kuma za su ce tsada. Ni ɗalibi ne, na san zafin kuɗi. Amma ni sau biyu na biya saboda na bi araha da farko. Ka kwatanta kuɗin makaranta da kuɗin gyaran gaban mota, ko ɗaurin karaya, ko abin da ba a biya da kuɗi. In ba su cika ba, ka jira ka tara. Mota ba za ta gudu ba.

39/
Sai masu cewa haɗari ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma ba wanda ke kwana da ƙofar shagonsa a buɗe ya ce in an yi sata ƙaddara ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan.

40/
Bayan makaranta, ka bi matakan da kanka. Shekarunka su kai 18. Da takardar makaranta za ka cike fom, ka biya kuɗi, jami'an VIO su gwada ka, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a cibiyar lasisi.

41/
Duk lasisin da aka kawo maka har gida ba ka je an ɗauki yatsunka ba, ka yi shakkar sa. Mutane da yawa sai ranar da aka tsayar da su a hanya, ko suka je sabuntawa, suke gane na bogi suke ɗauke da shi shekara da shekaru. Ɗan tsakiya ya ci kuɗin ya yi gaba.

42/
Dabara ta ƙarshe: kada ka tambayi mai makaranta ko makarantarsa na da kyau. Nemi mutum biyu da suka gama a wurin, ka tambaye su: an taɓa fita da ku babbar hanya? Kun san wanda aka taɓa ce wa ya ƙara kwana? In amsar duka biyun a'a ce, ka riƙe kuɗinka.

43/
Roƙona ga iyaye da yayye: kada a miƙa wa yaro makulli don ya nuno takarda. A zauna gefensa a ga tuƙinsa tukuna. Ga masu hali a Tambuwal da Kebbe kuma, masu raba wa matasa babura da motoci: a haɗa da kuɗin koyo na gaskiya. Kyautar abin hawa ga wanda bai iya ba, ba gata ba ce.

44/
Ranar da lasisin ya fito na kai wa Kawu. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo min, ya ce mu je Tambuwal. Muka tarar da tirela a hanya, na bi bayanta kusan minti biyar har hanya ta buɗe sosai sannan na wuce. Bai ce komai ba, amma da za mu dawo bai karɓi makullin ba.

45/
Ku ajiye lambar gaggawa ta FRSC a wayoyinku: 122. Wanda ya yi makarantar da ya ji daɗinta, ko wadda ta cuce shi, ya ba mu labarin abin da ya gani a ƙasa, ba sai an kama suna ba. A tura wa duk mai shirin koyon mota a hutun nan. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kansu. Amin.